Sinadarin leburatare ko ɓawon lemo?

Ga biyu daga cikin hanyoyin da ake bi wajen haɗa ƙwayoyin azurfa masu kai magani cikin jiki, waɗanda ba su wuce nanomita 100 ba (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Ta farko da sinadarai irin su sodiyam borohaidiraid: ƙwayoyin kan fito da girma kusan ɗaya, amma ga tsada, ga guba da sai an wanke.

Ta biyun kuwa ɓawon lemo ne, irin wanda ake zubarwa a Kasuwar Muda Lawal ta Bauchi. A dafa, a tace, a zuba cikin ruwan gishirin azurfa, wato ruwan da aka narka sinadari mai ɗauke da azurfa a ciki. Da launinsa ya rikiɗe ya koma ruwan ƙasa, ƙwayoyi sun samu. Arha kam, ba magana. Sai dai lemon bana ba na bara ba ne, girman ƙwayoyin ma yakan bambanta, kuma nan nake jan ƙafa idan allura za a yi wa mutum.