Hulunan Philip Treacy biyu: ta Camilla ko ta Beatrice?

Philip Treacy, mai ƙirƙirar hulunan ado, ɗan ƙauyen Ahascragh ne a gundumar Galway ta ƙasar Ireland, an haife shi a 1967. Ya yi karatu a Dublin da Landan, kuma ya yi shekaru yana ɗinka wa Chanel, kamfanin kayan ado na Faransa, huluna. Da za a ce a zaɓi hula ɗaya da ta fi nuna gwanintarsa, biyu ne ke fara zuwa rai.

Ta farko ita ce wadda Camilla ta sa ranar 9 ga Afrilu 2005, a addu'ar aurenta da Yarima Charles, wanda daga baya ya zama Sarkin Ingila, a garin Windsor. Gashin tsuntsu ne mai ruwan zinariya, ya kewaye kanta ya karkata gefe kamar zangarniyar alkama idan iska ta kaɗa. Bai rufe mata fuska ba, ya ƙara mata kwarjini, ita kuwa a lokacin tana bukatar haka, domin jama'ar Ingila ba su gama karɓarta ba.

Ta biyu Gimbiya Beatrice, jikar Sarauniya Elizabeth ta Biyu, ce ta sa a bikin Yarima William a 2011. Wani zobe ne mai ƙulli, a tsaye a goshi. An yi ta yi mata dariya a Facebook. Daga baya aka yi gwanjonta a eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, kan fam sama da 81,000, kuɗin suka tafi wajen taimakon yara.

Ni dai ta Camilla na zaɓa. Ta Beatrice ta ja idon duniya, amma a hotunan ranar hular ake fara gani, sai an duba sosai ake ganin gimbiyar.