Rigar saƙi irin ta kakanni: tsohuwa za ka saya ko sabuwa za a ɗinka maka?

A wajen hawan Sallah, ko a Kano ko a Zazzau, ido kan bar masu shadda mai ƙyalli ya koma kan dattijon da ya sha rigar saƙi mai aska takwas, wato wani zanen aikin ɗinki na gaban riga. Yanzu samari ma sun shiga nemanta: wani don ranar ɗaurin aure, wani don hoto, wani kuwa kewar kakansa ce kawai take damunsa. Kafin ka zaro kuɗi, ka tambayi kanka: sawa za ka yi, ko ajiyewa? Amsar ita za ta nuna maka inda za ka nufa.

Tsohuwa ta gaske, wadda ta fito daga adakar wani gida, ita ce kowa ke mafarki. Akan dace da ita wurin 'yan kayan tarihi a Kasuwar Kurmi, ko a hannun dillalan da ke bin gidajen sarauta da na malamai. Ba daga gaba ake gane ta ba, juya ta ciki za ka yi. Saƙar zamanin da ba faffaɗan yadi ba ce, ƙyallaye ne sirara da faɗinsu bai wuce tafin hannu ba, aka jera aka haɗa da allura, har kana jin tudun ɗinkin da yatsa. Zaren kaɗin hannu ne, nan kauri nan siriri, tunda da mazari mata suka kaɗa shi. Dubi bayan aikin wuya da na aljihu: hannu ba ya tafiya daidai wa daida, sai ka ga inda mai ɗinki ya ƙulla zare ya ɗora wani. In aikin na tsamiya ne, wato silikin dajin nan mai launin ƙasa-ƙasa, ba ya walƙiya, kuma yana da ɗan kaushi. In ka ga shafin bakin rigar ja ne mai ɗaukar ido, mai yiwuwa alharini ne, silikin da fatake suka riƙa ketarowa da shi Sahara daga Tarabulus. Wannan kam ka riƙe ta da kyau.

Sai dai tsohuwa tana da ciwonta. Ɗaga ta a rana ka ga ramukan asu. Ja kafaɗa a hankali, nan ne inda ake naɗe hannun riga, nan ne kuma zare ke fara mutuwa. Rigar da ta shekara hamsin a ninke tana iya yi maka kyau a kanti, ranar da ka ɗaga hannu za ka gaisa da surukai ta tsage. Kuma duk labarin da mai sayarwa ya ba ka, cewa ta wani hakimi ce, ka saurara da ladabi amma kada ka biya kuɗin labarin. Mai niyyar fita da ita waje ya sani cewa dokar Nijeriya ta hana fitar da kayan tarihi sai da izinin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa.

A ganina, mutum tara cikin goma sabuwa ta hannu suke buƙata, ba su dai sani ba. Har yanzu akwai masaƙa, akwai marina. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take, tana nan ana tsoma zane a ruwan baba da toka. Garin Kura ya yi suna da baƙin rini mai sheƙi, irin wanda Buzaye ke naɗawa har ya bar musu shuni a fuska. Cikin birnin Zariya kuma akwai gidajen da ɗinkin hannu gado ne. Ka sayi saƙinka, ka zaɓi zanen aikin da kanka, aska biyu ko aska takwas da tambarinta, a yanka daidai tsayinka. Abin da za ka biya bayan kuɗi shi ne haƙuri: aikin hannu mai yawa watanni yake ci, malum-malum kuwa, wato rigar da aiki ya cika gaba da bayanta, ba a ma yi mata gaggawa. Kada ka kai aiki ana saura wata guda biki. Ku yi magana a fili kan irin zaren da za a sa, ka ba da kafin alƙalami, sauran sai ka ga aiki.

Ta inji mai kwaikwayon saƙi ita ce mai sauƙi. Ba ta da nauyi, tana jure wanki, daga nesa ba mai ganewa. In hoto ne ko wasan makaranta, ta wadatar. Amma araha ba ta ado, kuma abin haushi shi ne ka saye ta da kuɗin ta hannu.

Hanyar kauce wa hakan ita ce ka horar da idonka tukuna. Shiga Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa a Kano ka ƙare wa kayan da kallo. Wanda ke Nijar ya leƙa gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, inda masu sana'ar hannu ke zaune suna aiki a gaban baƙi, ka tsaya ka yi tambaya.

Kowacce ka ɗauka cikin na hannu, kada ta ga garin sabulu ko injin wanki. Rinin baba yana zuba, don haka farar 'yar ciki za ta sha shuni a sawun farko. In ta yi laushi a kai ta wurin masu bugu su dawo mata da sheƙinta, a ninke ta da kafur, a riƙa fito da ita tana shan iska a inuwa, musamman bayan damina.