Akwatin fayafayan Batman da mugun da ya ba mu tausayi

Makonni uku ke nan da na sayo akwatin fayafayan bidiyo na Blu-ray na shirin zane mai motsi Batman: The Animated Series a wani shago da ke kasuwar Alaba a Legas, bayan na daɗe ina cigiyarsa. Kamfanin Warner Bros. ne ya fitar da shi a 2018, kuma ya ƙunshi kashi 109: guda 85 na asalin shirin da aka fara nunawa a Amurka a watan Satumba na 1992, sai 24 na ci gaban da ya biyo baya. Farashinsa ba na wasa ba ne, kuma duk mai niyyar saye ya tabbatar an gwada masa faifan a na'ura irin tasa kafin ya biya, domin Blu-ray yana da rabon yankuna, Afirka tana yankin B, Amurka kuwa tana A.

An gyara hoton ya fito tas, har ana ganin amfanin dabarar da masu zanen suka yi ta zana Gotham, birnin Batman, a kan baƙar takarda maimakon fara. Sai dai hoton bai cika faɗin talabijin na zamani ba, ana samun baƙin shinge hagu da dama, kuma babu fassarar Hausa, don haka ni na zama tafinta ga 'ya'yan yayana a ɗakinmu da ke Agege.

Abin da ya sa ban yi da-na-sanin kuɗina ba shi ne kashi guda mai suna Heart of Ice, wanda Paul Dini ya rubuta, Bruce Timm ya ba da umarni, ya kuma samo wa shirin lambar yabo ta Emmy a fannin rubutu. Mugun da ke cikin kashin, Mista Freeze, ya fara bayyana a mujallun labarin Batman tun 1959 da sunan Mista Zero, ɓarawo mai bindigar ƙanƙara wanda ba a ɗauke shi da muhimmanci ba. A wannan kashin ne aka ba shi tarihi. Victor Fries, wanda ya zama Freeze, masanin kimiyya ne a kamfanin GothCorp, matarsa Nora ta kamu da cutar da ba ta da magani, sai ya daskarar da ita a cikin wata na'ura da fatan wata rana za a samu waraka. Shugaban kamfanin, Ferris Boyle, ya zo da masu gadi ya ce a kashe na'urar saboda da dukiyarsa ake aikin, ya hankaɗa Fries cikin sinadarai, daga ranar kuma jikin mutumin ba ya iya rayuwa sai cikin tsananin sanyi. Wato an raba shi da matarsa, sannan an raba shi da ɗumin kowane ɗan'adam, ko musabaha ba zai ƙara jin daɗinta ba.

Michael Ansara ne ya yi muryarsa, murya shimfiɗaɗɗiya wadda ba ta hawa ba ta sauka, kamar ta wanda ya yi kuka har hawaye suka ƙafe. Maƙwabcinmu, wani dattijo mai gadi da iyalinsa ke can Arewa, wanda yakan yi wata da watanni bai je gida ba, ya leƙo neman ashana ya ƙare da zama har ƙarshe. Da aka nuna Freeze a ɗakin sanyi na Arkham, gidan tsare masu laifi masu taɓin hankali, yana riƙe da ƙwallon gilashi mai 'yar tsana tana juyi a ciki, yana neman gafarar Nora, sai dattijon ya ce mini, "Malam, wannan ai kewa ce ta haukata shi." Na ce, "Haka ne, Baba." Ban ƙara komai ba, domin na san kuɗin maganin uwargidansa yake tarawa.

Marubucin bai wanke Freeze ba, kuma wannan ne ya fi burge ni. Da ƙanƙarar bindigarsa ta kama ƙafafun wani yaronsa, cewa ya yi a bar shi a nan, Batman ne ya ɗauke shi ya yi jinyarsa. Ya kuma shirya daskarar da gini cike da mutanen da ba su san hawa ba balle sauka, don kawai ya kai ga Boyle a daren da za a karrama shi a matsayin gwarzon jin ƙai. Batman, wanda mura ta kama, ya fasa kwalkwalin da ke riƙe wa Freeze sanyi da zazzafan romon kazar da hadiminsa Alfred ya zuba masa a fulas, sannan ya miƙa kaset ɗin shaidar abin da Boyle ya aikata ga 'yar jarida, ƙaiƙayi ya koma kan mashekiya.

Akwai wani mai fama da kaɗaici a akwatin, Jervis Tetch, wanda ya kamu da son sakatariya Alice, da ta koma wa saurayinta sai ya mallake hankalinta da na'ura. Yaran sun tausaya masa da farko, daga baya ƙaramar cikinsu ta ce, "Kawu, wannan dai son kansa yake yi." Ta fi ni gaskiya.

Inda akwatin ya ba ni haushi shi ne wani kashi a cikin 24 na ci gaban, inda aka sauya zanen kowa, aka mai da Freeze kai kawai a kan ƙafafun ƙarfe irin na gizo-gizo, yana lalata abin da wasu ke ƙauna. Sau ɗaya na kalli wannan kashi, ban kuma nuna wa Baba mai gadi shi ba.