Takardar mutuwar aure a Amurka: wacce za ka nema, kuma daga wane ofishi?

Wanda aurensa ya mutu a kotun Amurka, duk ranar da ya tashi sake aure, ko cike wa sabuwar matarsa takardun shige da fice, ko neman zama ɗan ƙasa, sai an ce ya kawo shaidar cewa auren farko ya ƙare. A nan ne mutane suke asarar kuɗi da lokaci, domin takardun da ake kira da wannan suna sun kai iri huɗu, kuma ba kowacce ce kowane ofishi yake karɓa ba. Kafin ka biya ko sisi, ka tambayi ofishin da ya nemi takardar: cikakken hukuncin alƙali mai hatimi suke so, ko takardar shaida mai shafi ɗaya ta wadatar?

Gwamnatin tarayya ba ta raba aure a Amurka, aikin kotunan jihohi ne. Fayil ɗin yana hannun magatakardan kotun gundumar da alƙali ya sa hannu a hukuncin, ba inda aka ɗaura auren ba, ba kuma inda kake zaune yanzu ba. Saboda haka duba shafin PACER ɓata lokaci ne, na kotunan tarayya ne kawai. Sunan ofishin ma yana canzawa daga jiha zuwa jiha. A Texas wurin District Clerk za ka, a Kalifoniya Superior Court, a New York ofishin County Clerk ne yake ajiye fayilolin Supreme Court, a Massachusetts kuwa Probate and Family Court. A Chicago, magatakardan Circuit Court na gundumar Cook ne.

Takardar da ta fi kowacce amfani ita ce kwafin cikakken hukunci wanda magatakarda ya buga wa hatimi ya sa hannu cewa daidai yake da na cikin fayil. A cikinsa akwai sunayen ma'auratan, lambar shari'a, ranar da auren ya ƙare, da abin da alƙali ya yanke kan riƙon 'ya'ya, kuɗin ciyarwa, rabon dukiya, da mayar wa mace sunanta na da idan ta nema. Shi ne za a nema a wurinka ranar ganawar biza, shi ne kuma hukumar Social Security mai biyan fanshon gwamnati take dubawa idan tsohuwar mata ko tsohon miji na neman haƙƙi bisa auren da ya kai shekara 10. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, sai dai yadda ake lissafinsa ya bambanta. A Florida dala 1 ce kowane shafi, da dala 2 ta hatimi, wato hukunci mai shafi 30 zai ci dala 32. A Kalifoniya dala 15 ake biya na kwafin hukuncin mutuwar aure mai hatimi, kuma idan ba ka da lambar shari'a har binciken ya wuce minti 10, akwai wata dala 15 ta bincike. Inda ake biya shafi-shafi, ka tambayi yawan shafukan tukuna, domin yarjejeniyar rabon dukiya da aka haɗa da hukuncin takan ninka shi. Kuma tunda wahalar ɗaya ce, ka karɓi kwafi biyu ko uku a lokaci guda. Wasu ofisoshin in sun karɓa ba sa mayarwa.

Ta biyu ita ce kwafi marar hatimi, wanda ake saukewa daga shafin kotu ko a buga maka a ofishin magatakarda. Yana da araha, kuma yana da kyau idan so kake ka karanta sharuɗɗan hukuncin ko ka gano lambar shari'a. Amma ofishin da ya ce mai hatimi yake so ba zai dube shi ba.

Ta uku ita ce takardar shaida daga ofishin rajistar haihuwa da mutuwa na jiha. Shafi ɗaya ce, sunaye da wuri da rana kawai. Amfaninta babba shi ne ga wanda ya manta gundumar da aka yi shari'ar, domin ofishin jiha yakan duba jihar gaba ɗaya. Sai dai a nan ake yawan yin kuskure, saboda kowace jiha da tata al'ada. Florida tana ba da ita daga watan Yuni na 1927 zuwa yau, New York daga 1963. Texas wasiƙar tabbatarwa kawai take bayarwa, daga 1968, kuma ita da kanta ta ce wasiƙar ba ta maye gurbin hukuncin kotu ba. Illinois ma tabbatarwa ce kawai, daga 1962. Kalifoniya ce ta fi ba da mamaki: ofishin jiha bayanan 1962 zuwa Yunin 1984 kaɗai yake da su, abin da yake bayarwa ba hukunci ba ne, kuma jira yakan wuce wata shida. Wanda aurensa ya mutu a Los Angeles a 2015 ba shi da abin nema a can, kotu zai nufa kai tsaye. A ganinmu, idan batun shige da fice ne, kada ma ka tsaya kan wannan takarda sai dai don gano gundumar.

Ta huɗu ta masu fita da takardar waje ce. Idan wata kotu a wata jiha za ka kai hukuncin don a zartar da shi, sau da yawa kwafi mai tabbaci uku ake nema: magatakarda ya sa hannu, alƙali ya tabbatar da magatakarda, magatakarda ya sake tabbatar da alƙali. Idan ƙasar waje ce, sai a duba yarjejeniyar Hague ta 1961. Ga ƙasar da take cikinta, hatimin tabbatarwa da ake kira Apostil daga ofishin Sakataren Jihar da aka yi shari'ar ya isa. Najeriya da Jamhuriyar Nijar ba sa ciki, hanyar ta fi tsawo. Ga ta Najeriya: Sakataren Jiha, sannan Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka da fom DS-4194 da dala 20 kan kowace takarda, sannan ofishin jakadancin Najeriya a Washington ko ƙaramin ofishinta a New York ko Atlanta. Kada ka cire ƙusar da aka haɗe shafukan da ita don yin hoto, wasu ofisoshin suna ɗaukar takardar da aka kwance a matsayin wadda aka taɓa, su ƙi ta.

Hanyar nema ita ma zaɓi ce. Zuwa da kanka da katin shaida ya fi sauri, sau da yawa a ranar za ka fito da takardarka, sai idan fayil ɗin tsoho ne an kai shi ma'ajiya, to sai ka jira a ɗauko. Ta gidan waya, za ka aika da cikakkun sunayen ku biyu, lambar shari'a ko shekarar hukunci, hoton katin shaida, moni oda na daidai kuɗin, da ambulan mai adireshinka da kan sarki. Kuɗi ya gaza da dala ɗaya, a dawo maka da komai. VitalChek kamfani ne da ofisoshin jihohi da dama suke aiki da shi a hukumance, yana ɗora nasa kuɗin da na aikawa, kuma abin da ofishin yake da shi kaɗai zai kawo maka. Shafukan binciken mutane da ke tallar "bayanan saki nan take" kuwa ba sa ba da takarda mai hatimi, biyan kuɗin wata-wata kawai za su ɗaura maka.

Abin da ya fi hana mutanenmu samun fayil shi ne rubutun suna. An shigar da ƙara da Mohammed, kai kana neman Muhammad. Ita Aishatu a fasfo, Aisha a kotu. Ko an juya sunan uba ya koma na farko. Ka ba magatakarda duk yadda aka taɓa rubuta sunan, da sunan da matar take amfani da shi lokacin shari'ar. Sai batun sirri. A New York dokar iyali, sashe na 235, ta rufe fayilolin aure har shekara 100, ma'auratan ne ko lauyoyinsu kaɗai za a ba, don haka sabuwar amarya ko ɗan'uwa ba zai je ya karɓo ba sai da wasiƙar izini da jami'in notari ya buga wa hatimi.

Ka kuma tabbatar hukuncin ƙarshe ne a hannunka. A Massachusetts alƙali yakan ba da hukuncin wucin gadi, auren bai ƙare ba sai bayan kwana 90, kuma takardar da ke nuna cikarsa daban ake nemanta. Auren da aka ɗaura a cikin kwanakin nan zai iya zama matsala a gaban hukumar shige da fice ta USCIS. Haka nan sakin da aka yi da baki a gida, ko wanda liman ya rubuta a masallacin Bronx ko Houston, ba ya shiga fayil ɗin kowace kotu. Idan auren yana da rajista a hukumance kuma ba a taɓa shigar da ƙara ba, magatakarda ba zai sami komai ba, kuma lauyan harkokin iyali ya kamata ka fara gani kafin ka cike wani fom.