Kuɗin kiɗan gargajiya na biya a Kano, aka ba mai kalangu minti goma

Sati biyu ke nan da dawowarmu daga Kano, amma har yanzu in na tuna daren Asabar ɗin nan sai in ji raina ya rabu biyu. 'Yan'uwa da abokan aiki sun yi ta tambayata yadda muka kwashe da samarin nan masu tallar zagayawa da baƙi, waɗanda ke cewa da rana za su shiga da kai cikin birni, da daddare kuma su kai ka kiɗan gargajiya. Ba zan kama suna ba, kuma ba sai na faɗi kuɗin ba, duk wanda ya ga tallarsu a Facebook ya san farashin. Ni dai na biya na mutum biyar: ni da uwargida da yara uku.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, haifaffen cikin birni ne, ɗan gidan mahauta. Ni kuwa a Jos aka haife ni, aiki ya ajiye ni a Abuja, yarana ko Hausar ma da ƙyar take fita a bakinsu. So nake su ga inda kakansu ya fito. Abin da ya sa na zaɓi waɗannan samarin shi ne layin ƙarshe na tallarsu, inda suka rubuta cewa za a rufe yini da kalangu da kukuma da algaita. Da na ga kalangu ban ƙara neman ragi ba.

Na rana ba zan daɗe a kansa ba. Sun zo ɗaukarmu a makare, ƙarfe tara maimakon bakwai, shi ya sa muka hau Dutsen Dala rana ta riga ta buɗe, autana yana ta haki. Duk da haka daga can sama ka ga Kano shimfiɗe, ga Goron Dutse can gefe, ga hasumiyoyin babban masallaci, gajiyar ta biya. Jagoran namu ya ba yara labarin Barbushe da Tsumburbura daidai gwargwado. A Gidan Makama ne aka fara ɓata min rai. Gidan da Muhammadu Rumfa ya zauna tun kafin ya hau sarauta a 1463, ga kayan yaƙi, ga sulke da lifidi, ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, ga hotunan zamanin zuwan Turawa a 1903, amma yaron nan sai duba agogo yake yana cewa, "Yallaɓai, mu ɗan hanzarta." Ma'aikacin gidan ya fara yi wa babbar 'yata bayani mai daɗi a kan ganuwa da yadda aka soma ta tun zamanin Sarki Gijimasu, ba a bari ya kai aya ba aka ja mu zuwa mota.

Karofin Ƙofar Mata kuwa ya burge ni ƙwarai. Wurin da aka ce tun 1498 ake rini a cikinsa, har yau ga dattawa tsugune a bakin rami, hannu ya rine har gwiwa. Wani marini ya ba 'yata farin ƙyalle ya ce ta tsoma. Ta ɗago shi kore shar, ta ɓata fuska ta ce ai ba shuɗi ba ne. Ya yi murmushi ya ce, "Riƙe shi ya sha iska, 'yata." Muna tsaye koren nan ya rinƙa juyewa yana duhu har ya zama shuɗi a hannunta. Ya nuna mata busasshen baba da tokar da ake haɗawa da shi, ya ce sai an bar ruwan ya kwana kwanaki ya nuna kafin a soma rini. Daga gefe kana jiyo masu bugu suna dukan yadi a kan gungume, ƙarar tana tashi bi da bi. Nan kam ko awa biyu aka bar ni ba zan gaji ba.

To, sai dare.

An ce mana ƙarfe takwas za a fara, a wani lambun shaƙatawa can ɓangaren Nasarawa. Muka yi sallar Isha'i muka isa, muka tarar da kujerun roba, da fitilu masu walƙiya ja da kore, da manyan lasifiku guda huɗu, da wani saurayi zaune gaban kwamfuta yana sako waƙoƙin fiyano irin na gidan biki. Na ce wa jagoran ina makaɗan? Ya ce suna hanya. Tara ta yi, suna hanya. Goma saura, aka kira wasu samari biyu suka riƙe makirfo suna motsa baki a kan waƙar da aka riga aka naɗa a situdiyo. Ba ƙin waƙar zamani nake ba, a motata ma ina sa ta, amma ba ita na biya wa kuɗi ba, kuma ba don ita na ɗauko iyali tun daga Abuja ba. Kukuma ban gan ta ba, algaita ko mai kama da ita. Uwargida ta ce mu tashi, yara sun fara gyangyaɗi. Ni ma na miƙe, har na ɗauki hulata.

Ina juyawa sai na hango wani dattijo zaune a kan benci can bayan inji, inda hayaƙi ke bugunsa, da kalangu a cinyarsa, ga wani yaro kusa da shi riƙe da kuntuku. Rigarsa shuɗiya ce da ta sha wanki har ta koɗe. Na ƙarasa na gaishe shi. Na ce, "Baba, ku ne masu kiɗan?" Ya ce, "Mu ne, Alhaji. Tun Magariba muke nan, an ce mu jira a kira mu." Ashe mutanen da ake ce min suna hanya tun kafin mu zo suna zaune a wurin.

Na koma na sami mai gabatarwa na ce ko a kira tsohon nan yanzu ko a mayar min da kuɗina a gaban kowa. Wasu baƙi biyu da suka zo daga Maraɗi suka goya min baya. Sai ga shi an kira shi.

Bai yi gaggawa ba. Ya rataya kalangun a kafaɗa, ya gyara shi a ƙarƙashin hammata, ya bi tsarkiyoyin da yatsu ɗaya bayan ɗaya yana ja yana saurare. Tsarkiyoyin sun yi baƙi ƙirin da gumin shekaru, ga wata 'yar laya ɗaure a gefe. Ya ɗan taɓa fatar da gula sau uku, ya matse, muryar ta hau sama, ya saki, ta sauko ƙasa kamar mutum ya yi ajiyar zuciya. Yaron ya shigo da kuntuku a ƙarƙashinsa. Wallahi cikin ɗan lokaci wurin ya yi tsit, masu danna waya suka ɗago kai. Ya taka a hankali yana zagaya kujeru, da ya iso gabana ya sassauta hannu ya ce, "Alhaji, ɗan wane gida ne?" Na ce kakana mahauci ne a cikin birni, mahaifina ma ya riƙe wuƙa kafin ya tafi Jos. Ya tsaya cak ya dube ni. Ya ce, "Ashe ɗan gida ne. To, tashi tsaye, wannan naku ne."

Ya juya kiɗan ya koma taken mahauta.

Rabona da jin wannan take tun ina yaro, lokacin da mahaifina kan kai ni kallon dambe in an yi kaka. Shi mutum ne mai sanyi, ba ya rawa, ba ya hayaniya, amma duk ranar da aka kaɗa wannan take sai ka ga ya miƙe, kafaɗunsa suna rawa, ya zura hannu aljihu ya fito da duk abin da ke ciki. Ina yaro ban gane dalili ba. A daren nan na gane, don ni ma ban san lokacin da na tsinci kaina tsaye ba, tsigar jikina ta tashi, hawaye na zuba, ina liƙa wa tsohon nan kuɗi a goshi. Babban ɗana ya riƙe min riga yana tambaya, "Abba, me gangar take cewa?" Ya ji da kunnensa cewa magana take. Kalangu ai haka yake, hawa da saukar muryar Hausa yake bi, mai kunne yana jin kalmomin sarai. Kuma asalinsa kiɗan mahauta ne. Da shi ake sanar da gari cewa gobe akwai yanka, da shi ake zuga masu hawan ƙaho, da shi ake kiran 'yan dambe fage. Daga baya ne ya bazu gidajen biki, har Mamman Shata ya zagaya duniya da shi. Duk wannan na so in zauna in faɗa wa yaran a nutse, ga mai abin a gabansu.

A wannan lokacin na yafe komai. Na sunkuya na ce wa uwargida kuɗinmu ya halatta, ko nan aka tsaya na gode.

Ban rufe baki ba aka kashe masa makirfo. Mai gabatarwa ya fito yana tafi yana cewa a yi wa Baba tafi, lokaci ya ƙure, akwai sauran mawaƙa. Lasifiku suka dawo da ƙarfinsu tsohon nan yana tsakiyar kiɗi, gularsa a sama. Na duba agogo, minti goma ne da 'yan kai. Bai ce uffan ba. Ya sauke kalangun, ya durƙusa yana tsince kuɗin da suka zuba a ƙasa, yaron yana taya shi, samari kuma suka cika filin suna tsalle har ana taka masa hannun riga.

Wannan abu ya tsaya min a rai fiye da yadda zan iya faɗa. Na bi shi waje. Na tambaye shi ko sun ci abinci, ya ce a'a, amma ba komai. Na tambayi abin da aka yi masa alkawari, da ƙyar ya faɗa, kuma abin da ya faɗa bai kai kuɗin kujerar mutum ɗaya daga cikinmu ba. Ko kuɗin Adaidaita Sahu ba a ware masa ba, ga dare ya yi, ga gidansa can cikin lungunan birni. Ya ce shekararsa sama da hamsin yana kiɗa, a hannun mahaifinsa ya koya, yaron nan jikansa ne, shi kaɗai ya yarda ya riƙe kuntuku a duk gidan. Ya ce, "Yanzu biki sai na'ura, Alhaji. In an kira mu, to ado ne."

Daga nan ne sauran abubuwan da na haɗiye da rana suka taso min ɗaya bayan ɗaya. Na tuna Gidan Ɗan Hausa yana cikin jerin da aka turo min, gidan da Hanns Vischer ya zauna, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909, kuma ko ƙofarsa ba mu gani ba, wai lokaci. Amma a Kasuwar Kurmi an sami lokacin da za a zaunar da mu kusan awa guda a rumfar mutum ɗaya mai kayan fata, duk sanda na ce mu leƙa layin masu sirdi da linzami sai a ce nan ya fi sauƙi. Ba yaro ba ne ni, na san la'ada in na gan ta. Na tuna ruwan sha da aka ce yana cikin kuɗi, ni na saya. Abincin rana da aka ce gurasa da tsire, gurasar ta zo, tsiren tsinke bibbiyu. Waɗannan duk ƙananan abubuwa ne, da an bar tsohon nan ya yi ko da awa ɗaya da ba za ku ji su a bakina ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne da sunansa aka sayar min da tikiti. Kalangu aka rubuta a talla, kalangu ya fito da kuɗi daga aljihuna, sannan aka ajiye mai kalangun a bayan inji yana shaƙar hayaƙi.

An yi ta murna da UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa hawan Sallar Kano cikin kayan gadon duniya a Disambar 2024, ni ma na yi murna. Amma hawan nan ba dawaki ne kaɗai ba. Cire masu tambari da kakaki da algaita da 'yan kalangun da ke bin tawagar hakimai, ka ga abin da zai rage. Mutanen nan suna raye, suna cikin gari, ba wuyar samu gare su ba.

Don kada in zalunci samarin, direbansu mutumin kirki ne, ya san lungu da saƙo, kuma shi ya yarda ya kai tsohon gida bayan ya sauke mu, bai karɓi ko sisi ba. Shi ma jagoran yana da ladabi, bai taɓa ɗaga min murya ba ko da nake faɗa. Na lura ba mugunta ce ke damunsu ba, su a ganinsu baƙo ba zai iya zaman awa guda yana jin kalangu ba, dole sai an cika masa kunne da na'ura. Sun yi kuskure, don na ga yadda wurin ya yi shiru, na ga mutanen Maraɗin nan sun bi shi har bakin mota suna neman lambarsa.

Washegari na tura musu saƙo mai tsawo, na faɗi duk abin da na faɗa a nan. Amsar da na samu ita ce, "Za mu duba, Yallaɓai, mun gode." Har yau shiru.

Wanda zai bi su don zagayen rana, ya bi, amma ya riƙe jerin wuraren a hannunsa, kuma ya ce shi zai faɗi lokacin tashi daga Gidan Makama da Ƙofar Mata. Na daren kuwa kada ka biya sai an gaya maka makaɗa nawa ne, ƙarfe nawa za su fara, minti nawa za a ba su, kuma a rubuce. Ni dai ba zan sake ba. Na karɓi lambar jikan tsohon, mun riga mun yi magana sau biyu. Bayan Babbar Sallah za a aurar da 'yar ƙanwata a Kano, mun shirya zai zo da sauran mutanensa su huɗu, su fara bayan La'asar a ƙofar gida, kuma na gaya wa masu bikin ba za a kunna lasifika ba sai ya sauke kalangunsa da kansa.