Fantastic Four na 2015: Hukuncin 'Yan Benci

Gidan kallo gare ni a Unguwar Rogo, nan Jos. Ƙwallo ce sana'ar, amma idan Turawa suka tafi hutun ƙarshen kaka, fim nake sakawa don kada benci ya yi ƙura. A duk fina-finan jaruman Amurka masu baiwar ban mamaki da na taɓa haskawa, babu wanda ya sha tsaki irin Fantastic Four na 2015. Tun da sabon Fantastic Four ya fito a watan Yulin 2025 samari suke dawowa suna tambayar tsohon, wai su kwatanta. Shi ya sa na ga gara in faɗi abin da na gani, da abin da na ji daga bakin waɗanda suka biya kuɗinsu suka zauna.

Labarin ba sabo ba ne. Stan Lee da Jack Kirby ne suka ƙirƙiro mutanen nan huɗu a littafin zane na Marvel tun 1961: Reed mai miƙa jikinsa yadda ya ga dama, Sue mai ɓacewa, Johnny mai kamawa da wuta ya tashi sama, da Ben da ya rikiɗe ya zama dutse. Kamfanin Fox ya yi musu fim a 2005, ya ƙara a 2007. Waɗancan ba su da wani nauyi, amma akwai raha, yara na son su. Na 2015 sabon zubi ne, an rushe komai an faro daga tushe. Aka ba Josh Trank aikin darakta, matashin da ya yi suna da wani ƙaramin fim mai suna Chronicle a 2012, aka zuba abin da ya kai dala miliyan 120. To, ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Gaskiya farkonsa ba laifi. Reed yana yaro yana harhaɗa na'ura a garejin gidansu, yana tsinto ƙarafa a filin gwangwan na iyayen Ben, har abotarsu ta ƙullu. Akwai wani makanike da ke zuwa mini daga Farin Gada, shi kam har gobe yana kare fim ɗin saboda wannan ɓangaren. Cewa yake: "Oga, yaron nan namu ne. Duk wanda ya taɓa kwance rediyon babansa ya san abin da yake ji." Ina tare da shi a nan. Haka kuma wurin da suka farka bayan haɗarin da ya same su a tafiyar da suka yi da na'urarsu zuwa wata duniya, Reed a ɗaure kan gado hannuwansa sun zube, Ben yana kiran a taimake shi daga cikin tarin duwatsu, Johnny yana ci da wuta bai san yadda zai kashe ta ba. Wurin nan ɗakin kan yi tsit, har mai gyaɗa ya daina yawo. Da a ce an bi wannan hanyar har ƙarshe, da an samu fim mai ban tsoro wanda ba a saba gani ba.

Sai dai kafin a kai nan an cinye kusan rabin fim, alhali gaba ɗayansa minti 100 ne. Ana ta zama a ɗakin bincike, ana danna kwamfuta, ana walda, ana tura biri. Mutumin da ya ba da kuɗinsa don ya ga ana tashi sama ba zai jure wannan ba. Daga layin baya ake fara jefo magana: "Maigida, wai makaranta ka kawo mu ne?"

Duk wannan mai sauƙi ne. Inda fim ɗin ya karye shi ne daidai lokacin da ya kamata ya miƙe. Sun samu baiwar, Reed ya tsere daga sansanin soja, kowa ya gyara zama, kawai sai rubutu ya fito a allo cewa shekara ɗaya ta wuce. Shi ke nan. Johnny ya riga ya iya tashi, Sue ta riga ta iya sarrafa kanta, Ben ya zama makamin sojoji ana aika shi yaƙi. Yadda suka koya, yadda suka faɗi suka tashi, yadda Ben ya haɗiye baƙin cikin ganin jikinsa, babu ko ɗaya. Ainihin abin da ake zuwa kallo kenan a irin wannan fim, kuma shi aka tsallake. Duk lokacin da rubutun nan ya fito sai wani ya waiwayo ya ce in mayar baya, faifan ya yi tsalle. In rantse ban taɓa komai ba, su ƙi yarda.

Abin da ya fi burge ni shi ne, mutanen nan ba su san rigimar da aka yi a bayan fage ba, amma sun gano ta da idonsu. Wani dattijo tela da ke zama a gaba saboda idonsa ya ce riga ɗaya ce tela biyu suka ɗinka, ɗaya ya yi gaba ɗaya ya yi baya, kuma ba su ga juna ba. Wani ɗalibi na makarantar koyon aikin fim ta ƙasa da ke nan Jos ya ce masa: "Baba, ai abin da ya faru kenan." An sake ɗaukar sassa da yawa bayan an gama aikin farko. Ana gobe fim zai fito a Amurka, cikin watan Agustan 2015, shi kansa daraktan ya rubuta a Twitter cewa shekara guda baya yana da wani zubin mai kyau wanda da wuya mutane su gan shi, daga baya ya goge. Ni ban san inda mai kaya zai tsaya bakin kasuwa yana kushe kayansa, sannan a sa ran ciniki ba.

Maiɗakina ma ta kama ɗinkin ta wata hanyar. A gida ta kalla, ba ruwanta da labarin, sai ta ce: "Wannan yarinyar gashinta biyu ne." Na duba, haka ne. A wasu wuraren gashin Kate Mara, wadda ta fito a matsayin Sue, nata ne, a wasu kuwa na kanti ne aka ɗora mata, launin ma bai zo ɗaya ba. Kana iya bin gashin ka ware tsohon ɗauka da sabo.

Sai maganar bos. Mu nan an san ƙa'ida: fim ba ya daɗi sai bos ya wahalar da jarumi. Doom kuwa, bos ɗin wannan fim, babban mugu ne a littattafan Marvel, sarki ne mai ƙasa guda. A nan an bar shi a wata duniya mai duhu an manta da shi, sai can wajen ƙarshe ya dawo da fuska a narke. Tafiyar da ya yi a cikin sansanin yana fasa kawunan mutane ba tare da ya taɓa su ba ta tayar da tsikar jiki, har aka fara tafi. Kafin tafin ya lafa an tafi faɗan ƙarshe, kafin ka gyara zama an gama da shi. Wani yaro mai tuƙa Keke ya miƙe ya ce yaran bos a fim ɗin Indiya sun fi wannan daɗewa. Me yake so ma? Me ya sa zai hallaka duniya? Ba a tsaya an gamsar da kowa ba.

Kuma su huɗun ba su zama 'yan gida ɗaya ba. Sue ko tafiyar ba a yi da ita ba, tana zaune gaban kwamfuta abin ya same ta. Ita da Ben da ƙyar suka yi wa juna magana a duk fim ɗin. Ba laifin 'yan wasan ba ne. Miles Teller da ya fito a matsayin Reed ya iya aiki, Michael B. Jordan da ya fito a matsayin Johnny kuwa kowa ya ga abin da ya yi daga baya a Black Panther a 2018. A Amurka an yi ta surutu don an ba baƙar fata matsayin Johnny, har sai da Jordan ya fito ya mayar da martani a rubuce. A ɗakina ko mutum ɗaya bai ɗaga wannan ba. Tambaya ɗaya aka yi, yaya aka yi 'yar'uwarsa fara ce, da aka ji 'yar riƙo ce sai aka wuce. Wane gida ne babu ɗan riƙo?

Wani ƙorafin da ni ya fi shafa: duhu. Hoton ya cika toka-toka da baƙi, a majigina sai an rufe kowace kafa kafin a ga fuska. Ben kuma ko wando ba a sa masa ba, abin da yara suka riƙe kenan suna dariya har waje.

Ashe ba mu kaɗai ba ne. A shafin Rotten Tomatoes kashi 9 cikin 100 na masu sharhi ne suka yaba. Masu kallo a silimun Amurka suka ba shi C- a ƙuri'ar CinemaScore, wanda a irin waɗannan fina-finai faɗuwa ce warwas. Ya tara wajen dala miliyan 168 a duniya. Wani zai ce ai an ci riba, amma ni mai gidan kallo na san kuɗin ƙofa ba shi ne riba ba: masu silima za su cire kasonsu, ga kuɗin talla da ba ya cikin lissafin farko. Ya kuma lashe kyautar Razzie ta fim mafi muni a shekarar, shi da wani fim suka raba. Kashi na biyu da aka tsara fitarwa a 2017 aka soke shi, jaruman kuma suka koma hannun Marvel bayan Disney, mai kamfanin Marvel, ta sayi Fox a 2019.

Idan kana karantar harkar fim, ka neme shi, za ka ga yadda yanka da haɗi ke kashe labari. Idan makanike ne kai, kalli rabin farko ka tashi. Amma wanda ya tara iyali ko abokai ya sayi mai ya tayar da janareto don nishaɗi, ya nemi na 2005, ko banza za a yi dariya. Ni yanzu ba na saka shi da daddare lokacin da ɗaki ke cika, sai dai da rana idan an matsa, kuma kuɗin ƙofa nake fara karɓa.