Boss DS-1 ko ProCo RAT: wanne ya fi karɓar gyaran hannu?

Ɗan'uwa, ga yadda na fahimci tambayarka. Kana da Boss DS-1, fedal ɗin da mai jita ke takawa don sa wa sautinsa kaushi, ka ce ƙararsa siririya ce kamar ƙudan zuma a cikin gwangwani, kuma da mai kibod da mai ganga sun shigo sai jitarka ta ɓace a cikinsu. Ga wani kuma yana son sayar maka da ProCo RAT na hannu, shi ma fedal ne mai irin wannan aikin. Shin ka buɗe DS-1 ɗin ka yi masa aiki, ko ka sayi RAT ɗin shi ka gyara?

Kafin ka ciro ko kwabo, kwance kusoshi huɗun da ke ƙasan DS-1 ɗinka ka dubi fanel. In ka ga rezista da kafasita masu ƙafafu da suka ratsa rami aka like su ta baya, to kana da abin gyara. In kuwa ƙanana ne da aka manna a saman fanel, irin na cikin wayar hannu, wanda haka na 'yan shekarun nan suke zuwa, mayar da murfin kawai. Ba wai ba ya gyaruwa ba ne, amma aikin mai gyaran waya ne da ke da injin iska mai zafi, kuma lambobin da zan ambata na tsohon fanel ne.

Su biyun sa'o'in juna ne. Boss ya fitar da DS-1 a Japan a 1978, RAT kuma ya fito daga garin Kalamazoo na jihar Michigan a Amurka a ƙarshen shekarun 1970, aikin Scott Burnham da Steve Kiraly. Dabararsu ma ɗaya ce: a kumbura sautin jita da aisi (IC, 'yar na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi), sannan a sa diyod biyu masu kallon juna tsakanin layin sautin da ƙasa, duk abin da ya wuce ƙarfinsu su aske shi. Wannan askin shi ne kaushin da kake ji. Shi ya sa gyaran farko da kowa ke yi a kan su biyun iri ɗaya ne, wato canza diyod, kuma shi ne gyaran da kunne ya fi kamawa.

Diyod na silikon da suke zuwa da shi, irin su 1N4148, yana fara aski ne a wajen bolt 0.6. Na jamaniyam, kamar 1N34A, tun daga wajen 0.3 yake farawa, don haka sautin yana matsewa, ya yi laushi, ƙarar kuma ta ragu sosai. Jan LED sai an kai wajen 1.7 yake taɓawa, sai ka samu ƙara mai yawa, kaushi ya ragu, kuma ana jin bambancin bugun da ka yi a hankali da wanda ka yi da ƙarfi. ProCo da kansu sun sayar da wannan bambancin a matsayin fedal daban-daban: Turbo RAT na 1989 jan LED ne a ciki, You Dirty RAT kuma jamaniyam. Ke nan in ka sa wa RAT ɗinka suwic mai tsayawa wuri uku, gefe ɗaya silikon, gefe ɗaya LED, tsakiya babu diyod sam, ka kusan mallakar fedal uku a akwati ɗaya. A tsakiyar nan aisin ne da kansa yake shaƙewa, kuma ƙarar takan yi tsalle, don haka ka rage ta kafin ka murɗa.

A DS-1 diyod ɗin su ne D4 da D5. Robert Keeley na Oklahoma ya yi suna da gyaran da ya kira Seeing Eye, inda ake musanya ɗaya daga cikinsu da LED, har a huda masa rami a cikin harafin O na kalmar TONE yana ƙiftawa in kana bugu. Silikon a gefe guda, LED a ɗaya gefen, askin ba ya zama daidai sama da ƙasa, sautin sai ya ɗan yi kauri. Yana da daɗi, amma gaskiyar magana ba zai warkar da ciwon da ka kawo ba. A nan ne fedal biyun suka rabu.

Matsalar DS-1 ba a diyod take ba. Kafin sautin ya isa aisi, akwai taranzisto guda da ke ɗaga shi da wajen desibel 35. In jitarka mai ƙarfin fikof ce, wato abin da ke ɗauko sautin tsirkiya, sautin ya riga ya farfashe tun a can, kuma fashewa ce mai tsami wadda maɓallin DIST ba shi da iko a kanta, tunda sai bayan taranziston sautin yake isa gare shi. Rezistar da ke ƙafar taranziston, R9, om 22 ce kacal. Ɗaga ta zuwa wajen om 1,000 yana kwantar da wannan matakin. Sai C10, kafasitar da ke maƙwabtaka da diyod ɗin, mai 0.01µF: ita da rezistar 2.2k suna fara rage tirebul ne sai a wajen 7kHz, inda ƙudan zuman naka suka riga suka wuce. Mai da ita 0.022µF, yankan ya sauko kusa da 3kHz, tsamin ya ragu nan take.

Ɓacewar da kake yi a cikin sauran kayan kiɗa kuwa laifin maɓallin TONE ne. An gina shi ne a kan hanya biyu, ɗaya ta bas ɗaya ta tirebul, maɓallin yana gauraya su, kuma a tsakaninsu akwai rami a wajen 500Hz. Jita kuwa a tsakiyar nan take da murya. In kai kaɗai ne a ɗaki, bas da tirebul ba tsakiya sai ka ji kamar babban abu ne. A kan dandamali mai bas ya riga ya cinye ƙasa, faifan ganga sun cinye sama, kai kuma ka zubar da wurin da ya rage maka. Maganin da aka saba shi ne a mai da C11 daga 0.022µF zuwa 0.047µF, ramin ya cike. In da za a ce abu ɗaya kawai za ka taɓa a fedal ɗin, ni wannan zan nuna maka.

RAT ba shi da wannan ramin ko kaɗan. A gefen aisinsa akwai reshe biyu da ke sauka ƙasa: om 560 da 4.7µF, sai om 47 da 2.2µF. Na farkon yana ɗaga komai daga wajen 60Hz zuwa sama daidai gwargwado, na biyun kuma yana ɗaga abin da ya haura wajen 1.5kHz da ƙarfin gaske. Sakamakon shi ne bas ba ya caɓewa, tsakiya da ɗan samanta suna fitowa gaba. Maɓallin FILTER kuma tirebul kaɗai yake ragewa, ba ya taɓa tsakiya, sai dai a juye yake aiki: murɗawa dama duhu take ƙarawa. Da yawa sun raina RAT a ranar farko saboda rashin sanin wannan. Gyaran da ya shahara a nan shi ne wanda ake kira Ruetz, wato a cire rezistar om 47 ɗin, ko a sa mai murɗawa a madadinta. Kaushi ya ragu, bas ya ƙaru, fedal ɗin ya koma mai taushi. Wasu na so. Ni dai a ganina wannan reshen shi ne haƙoran RAT, kuma ga mai kukan yana ɓacewa a cikin taro, cire shi komawa baya ne.

Za ka ji ana ta zancen aisi. Tsohon RAT yana da LM308, mai nawa wajen amsa sauti, da 'yar kafasitar 30pF a ƙafarsa ta 1 da ta 8. Daga baya aka koma OP07. Tsohon DS-1 na Japan yana da Toshiba TA7136AP, daga baya aka koma Mitsubishi M5223AL. Bambancin akwai shi, amma bai kai rabin na canza kafasita guda ba, kuma tunda an daina ƙera LM308 jabu ya cika kasuwa. Na DS-1 ma ƙafafunsa a layi ɗaya suke, don haka aisin da aka saba samu ba ya shiga sai da 'yar mahaɗa. Abin da wannan zancen zai amfane ka da shi ɗaya ne: in ka buɗe RAT ɗin da ake tallata maka ka ga LM308 na asali, ko DS-1 ɗinka ya zama na Japan, kada ka huda shi. Masu tara tsofaffin kaya suna biyansu da tsada.

Wajen aikin hannu, akwatin RAT ƙarfe ne mai tauri, huda shi sai da bakin diril mai kyau da haƙuri, amma fanel ɗinsa a sake yake. Na Boss alminiyom ne mai sauƙin hudawa, sai dai ciki a cunkushe, ga wayoyi sirara da ke tsinkewa daga gindi in ka yawaita juya fanel. Kayan kuwa duk mai gyaran rediyo yana da su, ban da jamaniyam, wanda ni ban ma ba ka shawararsa ba: zafin gari yana sa shi yoyon wuta, sautin da ka saita da safe ba lallai ka same shi da azahar ba, kuma gilashinsa ba ya jure daɗewar ayan ɗin like waya a kansa. Ka lura da wuta ma. Boss bolt 9 yake sha, tsakiyar filogin nagetif, akasin yawancin adaftocin kasuwa. Tsofaffin RAT kuma ƙaramin jak suke da shi mai fozitif a baki.

In fanel ɗinka mai ƙafafu ne, ajiye kuɗin RAT tukuna. Canza C11, ka rufe, ka je ka buga da sauran makaɗan, domin a can ne matsalar take bayyana. Sai C10, sai R9, diyod a ƙarshe, ɗaya bayan ɗaya, kana adana tsofaffin a cikin takarda da lambarsu a rubuce. In kuwa na mannawa ne, sayi RAT ɗin, ka fara da murɗa FILTER zuwa wajen ƙarfe biyu na fuskar agogo, ka yi wata guda kana bugu da shi kafin ka yanke shawarar ko yana ma buƙatar suwic ɗin.